Kujera Ta Takwas a Motar Baja

Ainul Karma,
4 ga Maris

Zuwa ga aminiyata Dalanda,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Nuri da yara da jikoki. Yaya gwiwar taki, da sauƙi? Yaya sanyin Marsiliya? Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka sosai bana, alkama ta rufe tudu har bakin maƙabarta, shamuwa kuma sun dawo kan hasumiyar tsohon masallaci.

Kada gabanki ya faɗi don kin ga ambulan, babu wanda ya mutu. Na koma ga biro da takarda ne saboda na san halinki: in na aiko saƙon murya, a tsakiyar kicin kike buɗe shi kowa ya sha labari. Ban manta ranar da na tambaye ki maganin kumburin ciki Nuri ya ba ni amsa ba. Wannan maganar ta mu biyu ce, in kin karanta ki cusa ta ƙarƙashin kayan sanyi.

Dalanda, shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana Hadi. Ɗana Anis yana Susa da matarsa, sai da Salla nake ganinsu. Da rana ba ni da kuka, keken ɗinki yana ɗebe mini kewa, iyayen amare suna shige da fice. Amma da na rufe shago na hau sama na dafa shayi, sai in ga na ɗauko kofi biyu. Na gaji da mayar da ɗayan. Ba aure nake nema ba, ki fahimce ni. Mutum nake so wanda zan ce wa, "Ka ga yadda alkama ta yi bana?" ya amsa mini.

Matar Anis ce ta saka ni a wani dandali na waya inda 'yan yankinmu ke liƙa tsofaffin hotuna. Ran nan wani ya sa hoton tashar luwaj ta da, motocin hayar nan masu cin mutum takwas, masu dogon baya, a jere ƙarƙashin itatuwan turare. Na kasa haƙuri, na rubuta cewa na san kowace mota a hoton nan da irin kukanta. Da sunan aro nake a wurin, babu hotona, amma tun daga ranar maza suka dame ni da sallama. Ashe gwauraye sun cika yankin nan ban sani ba.

To kin san garinmu. Gidan shayi na maza ne. In kika tsaya da namiji minti biyu a bakin gidan waya, kafin ki iso gida an sa muku rana. Ni kuwa sunana shi ne sana'ata, don uwa ba ta turo 'yarta gwajin kayan aure sai gidan da ba a taɓa jin kansa ba. Ga Yaya Mabruka, yayar Hadi, a ƙasan bene, tana gane takun kowa a matakala. Ga kuma labaran matan da aka yaudara ta waya, aka karɓi hotunansu aka tozarta su. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Sai na tuna dabararmu ta shekarar da muke sha tara. Ke kika ƙirƙiro ta, kada ki musa. Saurayi ya shiga luwaj ɗin Baja, yarinya ta shiga kamar ba ta san shi ba, ƙawarta ta zauna a baya tana gadi. Minti hamsin a hanya, ga shaidu, babu mai iya miƙa hannu, babu kuma mai cewa an ga wance da wane. Ni na yi miki gadi ranar Nuri, ina ɓarar 'ya'yan kabewa, ina tari duk lokacin da ya matso, har direba ya ce, "Yarinya, in tarin fuka ne ki faɗa mana mu buɗe taga." Ke kuma kika yi mini na Hadi. Da muka sauka kika ce, "Kunnuwansa sun yi girma, amma ya ba tsohuwa wurin taga. Ɗauke shi."

Ita zan farfaɗo, da ƙari guda: wannan karon namijin ba zai san wace ce ni ba. Zan ce ya zo tasha ranar Talata da wata alama, in zauna a benci sai na ga ya shiga mota, sannan in shiga. Dama nakan je Baja sarin zare, babu mai tambayata. Abin da ke damuna kawai, babu mai zauna mini a baya.

Ki yi dariyarki ki gama, sannan ki rubuto. Ki gaida Nuri, ki shafa mini kan jikoki.

Taki har kullum,
Shadliya


Ainul Karma,
29 ga Maris

Dalanda tawa,

Ina gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau uku. Na gode da addu'a, na kuma gode da "tsohuwar banza" da kika rubuta har sau biyu. Allah Ya ƙara wa gwiwa sauƙi.

Kin ce in ba ki labari kada in rage komai. To na gwada uku.

Na farko na ce ya riƙe jarida a naɗe. A waya ya ce shekarunsa hamsin da biyar, wanda ya zo kuwa ya yi wa saba'in sallama tun tuni, ya rina gashin baki har rinin ya taɓa leɓe. Wannan ba laifi ba ne, ni ma ba jiya aka haife ni ba. Laifinsa shi ne wata tsohuwa 'yar ƙauye da ta shigo da zakara a kwando. Tun daga gada har Baja yana yi mata faɗa. "Ke Inna, motar mutane ce ko akurki?" Ita kuwa ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Shi dai zakaran tun da muka taso bai yi cara ba." Na danne dariya har hawaye. Da na dawo gida na toshe lambarsa.

Na biyu ya sa jar hula kamar yadda na ce. Tsaf da shi, ga ƙamshi, har na fara gyara zama. Ba mu kai gonakin zaitun ba wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka ya ce, "Na'am uwargida, ai na ce miki asibiti za ni, ki ajiye mini abincina." Mutumin da ya rantse mini matarsa ta rasu shekara huɗu! Dalanda, da a wani lungu na yarda muka haɗu, yaushe zan san wannan? Allah Ya saka miki da alheri, dabararki ba ta tsufa ba.

Na ukun shi ne wanda ya liƙa hoton tashar. Si Lazhar sunansa, tsohon malamin dabbobi, yana zaune a ƙauyen bayan madatsar ruwa. Kafin in amsa masa sai da na bugi cikin mai kawo mana cuku daga can, ta ce matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata biyu suna Tunis, kuma babu saniyar da ba ta san hannunsa ba a yankin. Na ce ya zo da laima, da yake ranar akwai hadari.

Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, kwat ɗinsa ta sha jiki amma a goge take. Ni ina layin baya, shi yana na tsakiya, ƙeyarsa kawai nake gani. Mata huɗu ne a motar, kuma ya san ɗaya daga ciki ce ni. Ki yarda da ni, bai ɗaga ido ya leƙa fuskar ko ɗaya ba. Wani manomi ya gane shi, ya kama ba shi labarin tunkiyarsa mai zawo tun daga tasha, shi kuma yana saurare kamar ana karanta masa wasiyya. Da muka zo kwanar nan da ake hango kwarin gaba ɗaya, ya ce da manomin, "Dakata kaɗan, ɗan'uwa, bari mu kalli wannan." Duk muka juya muka kalli kore.

A nan na tuna mu. A wannan kwanar ce kika fito da kai ta taga ɗankwalinki ya tashi, muka sha faɗa a gida. Yanzu an shimfiɗa kwalta, an sare rabin itatuwan, motocin ma ba sa kuka irin na da. Amma kwarin yana nan yadda kika bar shi.

Da yamma ya rubuto: "Na je, na dawo. In na ci jarrabawa a sanar da ni, in na faɗi na san dai na zama zakaran gwajin dafi." Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Na ce ya sake zuwa Talata mai zuwa.

Ki gaida mutanen gida.

Taki,
Shadliya


Ainul Karma,
19 ga Afrilu

Aminiyata Dalanda,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali. Na ji an yi wa Nuri aikin ido, Allah Ya sa kaffara ne. Ni lafiyar jiki ƙalau, zuciya ce dai ba ta zauna ba.

Kin tambaye ni ko na bayyana masa kaina. Ban yi ba, kuma kunyar rubuta miki nake ji.

Talata ta biyu na ƙudura zan zauna kusa da shi in ce masa ina kwana, daga nan ya gane. Na lissafa komai, na bari sai da ya rage wuri ɗaya, na gefensa. Na sa ƙafa ke nan sai Fauzi direba, wanda ni na ɗinka wa matarsa kayan aure, ya yi tsalle ya tare ƙofa. "Haba Inna Shadliya, ina raye ki zauna kusa da baƙon namiji? Kai ɗalibi, koma can. Inna, zo gaba, wurinki ne." Aka tayar da mutum uku saboda mutuncina. Si Lazhar da kansa ya matsa ya ba da hanya, idonsa a ƙasa. Haka na tafi Baja a gaban mota kamar amarya, ina jin kamar in shaƙe Fauzi, ina kuma sa masa albarka.

Talata ta uku babu wanda ya hana ni, ni na hana kaina. Matar liman tana cikin motar, da uwar wata amarya da kayanta ke kan kekena. Na wuce shi na zauna a baya. Rana ta buɗe tarwai, babu ko ɗigon gajimare, ga bawan Allah rungume da laima. Masu shayi suka samu abin yi. "Si Lazhar, an yi maka wahayin ruwa ne?" Wani ya ce, "Ku ƙyale shi, shanu ne suka gaya masa." Ya yi murmushi ya ce, "Alkawari ne, ba ruwa ba." Na ji maganar har cikin ƙashina.

Talatar da ta wuce ko tashar ban je ba. Na leƙa ta tagar sama na hango shi ya shiga, motar ta cika ta tafi.

Jiya ya rubuto. Babu zafi a maganarsa, shi ya sa ta fi ciwo. Ya ce ya fahimci tsoron mace a gari irin namu, yana da 'ya'ya mata, kuma da su ne zai so su yi yadda na yi. Amma shi ma mutum ne, ya fara jin kansa kamar ragon da ake zagayawa da shi kasuwa mai saye yana ɓoye. Ya ce zai zo Talata mai zuwa, in ban yi magana ba zai ɗauka amsa ce, ba zai sake damuna ba.

Ga wata kuma. Yaya Mabruka ta tare ni a matakala ta ce, "Shadliya, wane irin zare ne wannan da ake saye kowace Talata? Na gizo-gizo?" Na ce kala nake nema ban samu ba. Ta ce, "To madalla. Talata ina da ganin likitan ido a Baja, sai mu nemo kalar tare."

Na je wurin Hadi ranar Juma'a, na share kabarin, na zuba ruwa a ɗan kwanon tsuntsaye. Na gaya masa komai. Kin san shi, da yana nan cewa zai yi, "Ke dai kin cika lissafi." Shekara ashirin da tara na yi da mutumin nan, ban taɓa jin na ci amanarsa ba, yanzu ma ban ji ba. Ba Hadi nake tsoro ba, masu rai nake tsoro. In sunana ya shiga bakin gari, iyayen amare za su kwashe kayansu, Mabruka za ta kira Anis, in zama abin nuni a shekara hamsin da shida. In kuma na yi shiru, na san abin da ke jirana a sama kowace yamma har ranar da za a sauko da ni.

A da in na tsorata, waiwayawa nake in ga fuskarki a kujerar baya, kin cika baki da 'ya'yan kabewa kina harara ta. Ina kewarki, Dalanda, kewa mai tsanani. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Shadliya


Ainul Karma,
29 ga Afrilu

Dalanda 'yar'uwata,

Ina gaishe ki, ina gaida Nuri da jiki, da yara baki ɗaya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba, ki kuma rufe ƙofar kicin.

Ranar Talata muka fito da Yaya Mabruka, tana riƙe da hannuna kamar za a sace ni. Yana cikin mota da laimarsa, a bakin ƙofa. Muka wuce shi muka zauna a baya, ni ce ta takwas. Na riga na yanke shawara: da Mabruka a gefena ba zan iya ba, shi ke nan, Allah bai yi ba. Ina kallon ƙeyarsa ina yi masa ban kwana a zuci.

Fauzi ya kama ƙofa zai rufe, sai ga wata mata da gudu, ciki ya tsufa, takardar asibiti a hannu. Ta ce, "Don Allah ɗan'uwa, ƙarfe goma aka ba ni." Fauzi ya ce, "Wallahi mun cika, 'yar'uwa, sai ta gaba." Ta gaban kuwa babu kowa a cikinta. Kafin wani ya motsa, Si Lazhar ya sauka ya ce, "Shigo 'yata, ni ba inda za ni."

Ba inda za ni. Ya tsaya a rana da laimarsa a rufe, bai ko kalli motar ba. Fauzi ya ja ƙofa, ya zagaya ya tayar da inji.

Ban san lokacin da na ce, "Fauzi, buɗe ƙofar nan" ba. Mabruka ta damƙe mini wuyan hannu ta ce, "Lafiya? Mantuwa kika yi?" Kin ga ta ba ni hanya. Da na ce na bar tukunya a wuta, da an wuce wurin. Amma na ce, "Ban manta komai ba, Yaya. Tare da Si Lazhar zan tafi."

Dalanda, har injin sai da na ji kamar ya rage ƙara. Mutum biyu suka tashi suka ba ni hanya, na taka ƙafar wani ban ba shi haƙuri ba. Fauzi ya sosa ƙeya ya ce, "To Inna, ai wuri ɗaya ne ya samu, ku kuma ku biyu ne." Wani soja da ke tsaye ya ce, "Ni ɗaya ne," ya faɗa ciki. Motar ta tashi da Mabruka, fuskarta manne da gilashi, bakinta a buɗe. Allah Ya yafe mini, ban taɓa ganin ta rasa abin faɗa ba sai ranar.

Sai ga mu tsaye mu biyu a tsakiyar tasha, gaban gidan shayi, ƙarfe tara na safe, duk mazan garin suna riƙe da kofi. Mota ta gaba sai ta samu mutum shida kafin ta motsa. Ni da na tsara komai don kada a gan ni da namiji ko na minti ɗaya!

Ya ciro hankici ya share benci, ya ce, "Bismilla, Lalla Shadliya." Na ce, "Wa ya gaya maka sunana?" Ya ce, "Fauzi, ranar da ya tayar da mutum uku. Amma tun kafin nan na yi zato. Ke kaɗai ce macen da ke zuwa Baja da kwando ta dawo da shi wayam." Na ce, "Ka sani ka bar ni ina wahala?" Ya ce, "Ke kika sa sharaɗi. Ni da nake yawo da laima a rana, wa ya fi wahala?" Ya ɗaga murya ya ce a kawo shayi biyu. Mai shayin da kansa ya kawo, don ya gani da idonsa.

Ba zan yi miki ƙarya in ce abin ya tafi a banza ba. Kafin la'asar labari ya gama gari. Iyayen amare biyu sun aiko an karɓi kayansu, ɗaya ko gaisuwa babu. Mabruka ba ta yi mini magana ba har yau, ranar Juma'a kuma ba ta aiko da kuskus sama ba, karo na farko tun rasuwar Hadi. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda na zata, don duk halinta ita ta riƙe ni lokacin takaba. Anis ya kira ya ce, "Umma, mutumin kirki ne?" Na ce ina zato. Ya ce zai zo ya gan shi. Na ajiye waya na yi kuka.

Kada ki tambaye ni aure, ban sani ba, shi ma bai tayar da maganar ba. Wataƙila mu tsaya a shayin Talata, wataƙila gari ya gaji da mu, wataƙila kekena ya yi ƙura. Duk na auna, kuma ina jin tsoro har yanzu.

Amma bari in gaya miki abin da ya sa na ɗauki biro. Awa ɗaya da minti goma muka yi a bencin nan kafin mota ta cika. Ya ba ni labarin matarsa, na ba shi na Hadi, na ba shi naki da ɗankwalin da iska ta ɗauke. Da direban mota ta biyu ya yi kira cewa saura mutum biyu, sai na ji haushi ya kama ni. Tun ina yarinya nake zama a tashar nan ina roƙon Allah mota ta cika da wuri. Ranar ce kaɗai na roƙi kada ta cika.

Ki gaida kowa. Ki rubuto da wuri, ki zage ni yadda kika saba.

Taki har abada,
Shadliya